Sirrin Waya da Hukuncin Kutse: Darasi Daga Sabha

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya suturta bayinSa kuma Ya hana su tona asirin junansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Tambayoyi uku sun yawaita a cikin abin da ake kawo mana bayan karatu da abin da ake aikowa a rubuce. Ta farko daga iyaye ce: an kira su daga Libiya, sun ji muryar ɗansu yana kuka, an ce su turo kuɗi, sai wani yaro a unguwa ya ce zai iya shiga wayar masu riƙe da shi ya gano inda suke. Shin ya halatta? Ta biyu daga ma'aurata ce: miji ko mata na son sanya wa wayar abokin zama abin da zai riƙa kawo masa saƙonninsa a ɓoye. Ta uku daga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta ce: ɗalibi ya gano wata kafa a shafin makaranta ko na banki wadda za a iya bi a ga bayanan mutane, me ya wajaba a kansa?

Duk ukun mas'ala ɗaya ce: wane ne yake da haƙƙin shiga wayar wani ko kwamfutarsa, kuma da wane sharaɗi? Mun ɗauki garin Sabha a matsayin misali, domin a can ne ake ganin ƙarara cewa sirrin waya yana iya zama sanadin rai ko mutuwa.

Sabha da alaƙarmu da ita

Sabha ita ce babban birnin yankin Fazzan a kudu maso yammacin Libiya, tana da nisan sama da kilomita 600 kudu da Tarabulus. Fazzan ba baƙon wuri ba ne ga ƙasar Hausa. Tun ƙarnoni da suka wuce ayarin raƙuma ke ratsa ta ta Murzuk da Gat zuwa Agadas da Damagaram da Katsina da Kano. A ƙarni na 13 sarakunan Kanem sun mulke ta. A cikin birnin Kano kuwa, unguwar Dandalin Turawa ta samo sunanta ne daga Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a wurin suna fatauci. A Sabha ne kuma Mu'ammar Gaddafi ya yi shelar tsarin Jamahiriyya a ranar 2 ga Maris, 1977.

Bayan faɗuwar gwamnatinsa a 2011, ikon hukuma ya yi rauni a kudu, ƙungiyoyi masu makamai suka raba unguwanni da hanyoyi a tsakaninsu, har zuwa watan Janairun 2019 da dakarun Khalifa Haftar suka shiga garin. Hanyar ayari ta da ta koma hanyar motocin Hilux: daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama, a tsallaka iyaka a Tummo, a bi ta Gatrun a isa Sabha. Mafi yawan 'yan'uwanmu Hausawa da ke bin wannan hanya ba Turai suka nufa ba. 'Yan ci-rani ne masu neman halal a aikin gini da gona da gadi da ɗinki, su tara abin da Allah Ya hore su koma gida. Sai dai wasu daga cikinsu sukan faɗa hannun azzalumai.

Lambar waya a gidan bashi

A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta fitar da rahoto a kan abin da ta kira kasuwar bayi a Sabha. Ta kawo labarin wani ɗan Senegal da direba ya kai shi wani fili a garin aka sayar da shi, aka kai shi wani gida da ake tsare da mutane fiye da 100. Ana tilasta musu kiran danginsu, ana dukansu yayin da suke kan waya domin dangin su ji kukansu. An yanka masa sefa 300,000, wato jika 300 a lissafin 'yan'uwanmu na Nijar. Da bai samu ba sai aka sayar da shi ga wani, kuɗin ya koma sefa 600,000, a turo ta Western Union ko MoneyGram. Irin waɗannan gidaje su ne matafiya ke kira da Hausa "gidan bashi".

Mu lura da wani abu a nan. Waɗannan azzalumai ba su buƙaci wani ilmin kwamfuta ba. Makaminsu shi ne abin da ke cikin wayar wanda suka kama. Jerin sunaye yana gaya musu wa za a kira: wannan Baba ne, wannan Inna ce, wannan yaya ne da ke Saudiyya. Hotuna suna gaya musu ko gidan masu hali ne. Saƙon banki yana gaya musu nawa ya shiga nawa ya fita. Da wannan ake yanka wa mutum farashi.

A bayansu akwai wasu macuta da ba su tsare kowa ba. Iyali sukan wallafa a Facebook cewa ɗansu ya ɓata a Libiya, ga hotonsa, ga sunansa da na garinsu, ga lambar da za a kira. Duk abin da ɗan damfara ke buƙata kenan ya kira ya ce yaron yana hannunsa. A yau ma akwai manhajoji da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya. Saboda haka jin murya kaɗai bai isa hujja ba.

Mene ne kutse, mece ce ɓaraka?

Kutse shi ne shiga waya ko kwamfuta ko asusun intanet na wani ba da izininsa ba, ko wuce iyakar izinin da aka ba ka. Ɓaraka kuwa ita ce raunin da mai kutse yake bi ya shiga. Ɓaraka iri uku ce.

Ta farko, ɓarakar manhaja. Manhaja rubutun ɗan Adam ce, kuma ba ta rasa kuskure. A watan Mayun 2019 kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa an gano wani kuskure a sashen kira na manhajarsa, wanda ta hanyarsa ake dasa manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila a wayar mutum ko da bai ɗaga kiran ba. Kimanin mutum 1,400 abin ya shafa. Kamfanin ya toshe kafar, ya kai ƙara a Amurka a watan Oktoban 2019, kuma a watan Disambar 2024 kotu ta sami NSO da alhakin abin. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake yawan cewa a sabunta manhaja: sabuntawar ita ce toshe kafar da aka gano.

Ta biyu, ɓarakar mutum. Wannan ta fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba. Wani zai kira ka ya ce daga ƙungiyar masallaci ko ta tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro, ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka karanta, ya ƙwace shi, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin duk wanda ya san ka.

Ta uku, ɓarakar mai riƙon amana: mai gyaran waya da ke buɗe hotunan mata, ma'aikacin da ke sayar da bayanan abokan hulɗa, wanda aka ba shi waya ya sa caji ya tsaya yana bincike.

Misalai biyu daga Libiya

Ba 'yan gidan bashi kaɗai suka ci amanar sirrin mutane a wannan ƙasa ba. A 2007 wani kamfanin Faransa mai suna Amesys ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Gaddafi ta sayar mata da wani tsari mai suna Eagle, wanda ke iya tace saƙonnin intanet na ƙasa baki ɗaya. A watan Agustan 2011, bayan faɗuwar Tarabulus, 'yan jaridar Wall Street Journal suka shiga cibiyar sa ido a birnin, suka tarar da fayil-fayil ɗauke da wasiƙun intanet da hirarrakin 'yan ƙasa. A watan Oktoban shekarar wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam biyu suka shigar da ƙara a Faris. Wasu 'yan Libiya suka ba da shaida cewa an kama su an azabtar da su, an kuma nuna musu saƙonninsu a wurin tambayoyi. A watan Yunin 2021 alƙalan bincike suka tuhumi wasu shugabannin kamfanin da taimakawa wajen azabtarwa. Kamfanin ya kare kansa da cewa cinikin an yi shi ne a lokacin da Turai ke ɗasawa da Gaddafi, kuma domin yaƙi da ta'addanci.

Misali na biyu: a watan Yulin 2019 kamfanin tsaron intanet na Check Point ya tona wata makarkashiya da aka daɗe ana yi tun 2014. An buɗe shafukan Facebook sama da 30 masu kama da na labaran Libiya, har da wani da aka buɗe da sunan Haftar wanda ya tara mabiya fiye da 11,000. Ana wallafa abin da ake cewa takardun sirri ne da aka bankaɗo, ko manhajar shiga aikin soja. Wanda ya latsa ya sauke, ya sauke wa kansa manhajar da ke miƙa ragamar wayarsa ko kwamfutarsa ga wani. Dubban mutane suka latsa. Abin lura shi ne, da kwaɗayin ganin sirrin wasu aka farauce su, sai nasu sirrin ya tafi.

Hukuncin Shari'a: asali shi ne haramci

Wayar mutum a yau ta fi ɗakinsa sirri. A cikinta akwai hirarsa da iyalinsa, da hotunansu, da bashinsa, da rashin lafiyarsa, da dukiyarsa. Duk dalilin da ya kare gida da wasiƙa da ganawa ya kare ta.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana yawan zato da binciken asirin mutane da giba a cikin aya ɗaya, ta 12 a Suratul Hujurat. Malamai sun lura da jerin: zato ne ke haifar da bincike, bincike kuma ya haifar da yaɗawa. A Suratun Nur, aya ta 27 da 28, Ya hana shiga gidan wani sai da izini, Ya kuma yi umurni da komawa idan an ce a koma, ko da ba a tarar da kowa a gidan ba. Wannan ya rushe hujjar mai cewa ai wayar ba a kulle take ba, ko shafin ne bai da tsaro. Ƙofa a buɗe ba izini ba ce.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad, Allah Ya ƙara masa yarda, labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Manzon Allah (SAW) ta wata kafa, inda Manzon Allah ya tsananta masa, ya kuma bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Leƙe ta kafar bango da leƙe ta kafar manhaja illarsu ɗaya ce. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas narkon azaba da narkakkiyar darma a kunne ga mai sauraron zancen mutane alhali suna ƙin ya ji. Wannan ya haɗa da satar sauraron kira da karanta saƙonni. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Mu'awiya gargaɗin cewa bibiyar aibobin mutane lalata su take yi. Shugabanni ne suka fi cancantar wannan gargaɗi, kuma abin da aka tarar a cibiyar Tarabulus fassararsa ce a aikace.

Idan kutsen ya haɗa da ɗaukar kuɗi, to ya zama cin dukiyar mutane da ɓarna, wanda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Malaman zamani sun tattauna ko lambar sirri tana zama ma'aji irin wanda ake sharɗantawa a haddin sata. Wannan aikin alƙali ne. Amma babu saɓani a kan haramcin aikin, da wajabcin mayar da dukiyar, da cancantar horo. Haka nan babu bambanci ko mai dukiyar Musulmi ne ko ba Musulmi ba, mutum ne ko banki. Masu cewa dukiyar Bature ko ta gwamnati ganima ce, shaiɗan ne ya yi musu fatawa.

Togaciya da sharuɗɗanta

Shari'a ba ta bar azzalumi ya fake da sirri ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, gab da buɗe Makka, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Musulmi, ya ba wata mata ta kai. Manzon Allah (SAW) ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu suka cim mata a Raudatu Khakh suka karɓe wasiƙar. Bukhari da Muslim sun kawo ƙissar. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya yi bayani a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa mai hisba ba ya binciken abin da aka ɓoye, sai idan akwai ɓarnar da in ta auku ba a iya gyara ta, kamar amintacce ya ba shi labarin cewa wani ya keɓe da wani zai kashe shi.

Daga nan muke fahimtar sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, cutar ta zama babba, kamar kisa ko garkuwa da mutane ko fataucinsu. Na biyu, a sami alama mai ƙarfi a kan mutum ayyananne, ba zato a kan jama'a baki ɗaya ba. Na uku, umurnin ya fito daga mai iko na halal, wanda a tsarin yau shi ne alƙali. Na huɗu, a tsaya a gwargwadon buƙata: an karɓi wasiƙar da ake nema, ba a tsaya bincika sauran rayuwar matar ba. Tsarin da ke tace saƙonnin ƙasa gaba ɗaya ya faɗi a sharaɗi na biyu da na huɗu. Yaron unguwa da ke kutse da ra'ayin kansa ya faɗi a na uku.

Abin da dokokin ƙasashe suka ce

A Libiya, majalisar wakilai ta amince da dokar yaƙi da laifukan intanet a watan Oktoban 2021, aka fitar da ita a matsayin Doka ta 5 ta 2022 a watan Satumban 2022. Ta haramta shiga na'urar wani ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai sashe na 7 ya ba hukumar tsaron bayanai ta ƙasar ikon sa ido a kan abin da ake wallafawa da toshe shafuka, sashe na 9 kuma ya hana mallakar kayan rufe saƙonni sai da izinin hukumar. Ƙungiyoyin kare haƙƙi, ciki har da Human Rights Watch a 2023, sun nemi a soke ta saboda faɗin waɗannan sassa. Ya kamata duk ɗan'uwanmu da ke zaune a can ya san da wannan, ya kiyaye abin da yake wallafawa da abin da yake turawa.

A Najeriya, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi a sashe na 6 ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5 ko duka biyu ga mai shiga kwamfuta ba izini da nufin zamba ya kuma ɗauki bayanan da suka shafi tsaron ƙasa, hukuncin kuma yana iya kai shekara 7 ko naira miliyan 7 a wasu surori. Sashe na 12 ya haramta satar saƙonni a kan hanyarsu. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman da ake kai wa ƙorafi idan wani kamfani ko ofis ya yi sakaci da bayanan mutum.

A Nijar, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli, 2019 ita ce ta laifukan intanet, kuma ita ma ta haramta shiga na'urar wani da zamba. Ƙasashen nan uku, duk da bambancinsu, sun haɗu da Shari'a a kan wannan asali: ba a shiga na'urar wani ba da izini ba.

Amsar tambayoyi uku

Ta farko, iyalin da aka tsare ɗansu. Mai garkuwa ba shi da alfarmar sirri a cikin laifinsa, kuma ceton rai wajibi ne. Amma bibiyar wayarsa aikin hukuma ne, saboda dalilai na zahiri. Da yawa daga masu tallata kansu cewa suna iya gano waya 'yan damfara ne, sai iyali su yi asara biyu. Layin da aka kira da shi yana iya zama na wani da aka tsare ko na wanda bai ji ba bai gani ba, sai a zalunci marar laifi. Idan masu tsaron suka ankara ana bin sawunsu, ran wanda ke hannunsu ne a cikin haɗari. Abin da ya halatta, kuma ya fi amfani, shi ne tattara abin da ya riga ya shigo wayarku: lambobin da aka kira da su, ranaku da lokuta, saƙonnin murya, sunan da aka ce a tura wa kuɗi, da takardar shaidar turawa. Wannan ba kutse ba ne, naku ne. A miƙa shi ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP a Najeriya, ko jami'an tsaro a Nijar, a sanar da ofishin jakadanci, da IOM, da ƙungiyar Red Cross mai sashen haɗa iyalan da suka rabu. Kafin a tura ko sisi, a yi aiki da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta tabbatar da labari: a nemi magana da yaron kai tsaye, a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani wanda ba a taɓa wallafawa ba.

Ta biyu, ma'aurata. Aure bai ɗauke haramcin bincike ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir hanin mutum ya afka wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman tuntuɓensu. Dasa manhajar leƙe a wayar mata ko miji shi ne wannan afkawar a sabon salo. Saƙon da aka tsinta a ɓoye sau da yawa rabin zance ne, ga shi an sha rushe gida a kansa. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya yi magana, in ta ƙi a sa manya daga dangin ɓangarorin biyu, in ta ƙi a je gaban alƙali. Iyaye da ƙananan yara hukuncinsu daban ne: kula da abin da yaro ke kallo yana cikin kiwon da aka ɗora musu, amma a yi shi a fili da sanin yaron, a kuma sassauta gwargwadon girmansa.

Ta uku, ɗalibin da ya gano ɓaraka. Ilmin tsaron kwamfuta ilmi ne mai daraja, kuma al'umma tana buƙatar masu shi kamar yadda take buƙatar likitoci. Sanin yadda ake buɗe kwaɗo ba laifi ba ne, buɗe na wani ne laifi. Wanda yake son gwada tsaron wani shafi ya nemi izini a rubuce tun farko, da iyakar abin da zai taɓa. Manyan kamfanoni da yawa suna da shirin ba da lada ga mai kawo musu rahoton ɓaraka, kuma wannan kuɗi halal ne domin sun yi izini. Wanda kuwa ya ci karo da ɓaraka ba da nema ba, to ya tsaya nan take. Kada ya zurfafa, kada ya kwafi bayanan kowa, kada ya nuna wa abokai don burgewa. Ya sanar da masu shafin a asirce, ya ba su lokacin gyara. Masu binciken kamfanin Google sukan ba da kwana 90 kafin su bayyana. Idan aka yi biris da shi alhali bayanan jama'a na cikin haɗari, ya kai ga hukumar da abin ya shafa, kamar cibiyar ngCERT a Najeriya. Wannan ita ce nasihar da addini ya ginu a kanta. Amma cewa a biya ni ko in tona, ƙwace ne. Sayar da ɓarakar ga wanda ake zaton zai cutar da ita taimako ne a kan zunubi da ƙetare iyaka, wanda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma daidai yake da sayar da makami a lokacin fitina. Ɗalibi ya sani kuma, kyakkyawar niyya ba kullum take zama garkuwa a kotu ba, takardar izini ita ce garkuwa.

Matakan kariya ga matafiyi da iyalinsa

Nasiharmu ta farko ita ce kada a jefa rai a hanyar da aka san halinta, kuma kada a yarda da mai cewa hau mota bashi ka biya in ka isa, domin nan ne ƙofar gidan bashi. Ga wanda tafiya ta zama masa dole, da ma kowane mai waya, ga abin da muke shawarta:

1. A rage abin da ke cikin waya kafin tafiya: hotunan iyali, saƙonnin banki, hoton takardun gida ko fili, da sunayen da ke nuna inda dangi masu hali suke.

2. A haddace lamba ɗaya ko biyu, a kuma ayyana mutum ɗaya mai natsuwa a gida wanda shi ne zai riƙa karɓar duk wani kira.

3. A yi yarjejeniya da iyali baki da baki a kan wata kalma ko tambaya da za a gane mutum da ita. Kada a rubuta ta a waya.

4. A kulle waya da lambar sirri wadda ba shekarar haihuwa ba, a sa wa layin waya ma tasa lambar, domin mai satar layi yana iya kaiwa ga asusun banki.

5. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook. Lambar da aka turo maka ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce shi limami ne ko ma'aikacin banki.

6. A sabunta manhajoji, kada a sauke manhaja daga saƙon da aka turo, kada a latsa duk abin da aka ce bidiyon tonon asiri ne ko rabon tallafi.

7. Idan za a kai waya gyara a cire layi da katin ajiya, in da hali a tsaya a gyara a gaban mai ita.

8. Idan wani ya ɓata, a fara da hukuma da ƙungiyoyin agaji kafin wallafa hotonsa da lambar gida a fili.

Muna kuma tunatar da masu kula da zaurukan WhatsApp na masallatai da makarantu cewa lambobin jama'a da ke hannunsu amana ce. Haka hoton wanda aka azabtar a gidan bashi: yaɗa shi daga zaure zuwa zaure tona asirin Musulmi ne a lokacin da ya fi buƙatar sutura, kuma yana ƙara wa azzalumai kasuwa, domin tsoratar da dangi shi ne abin da suke nema. Wanda irin wannan ya shigo wayarsa, ya miƙa shi ga masu iya taimako, ya tsaya nan.

Allah Ya kuɓutar da 'yan'uwanmu da ke tsare a Sabha da sauran wurare, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya, Ya shiryi masu wannan aiki ko Ya isar wa bayinSa daga sharrinsu. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya sa mu zama masu suturta wasu. Allah ne Mafi sani.